Wuƙa goma sha biyu kafin Layya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau na sayo ƙarfen. Falle biyu na sifirin ɗin tsohuwar a-kori-kura, a wajen masu gwangwan na Ƙofar Ruwa, aka ɗora a sikeli aka ce naira 9,000. Na ɗaure su a bayan babur na taho gida suna ƙara kamar an ɗauko ƙofar shago.

Shekara biyu ke nan ina ƙera wuƙa ranakun Asabar da Lahadi, yawanci da tsohon magagari da kafintoci suka yar. Duk wadda na gama kyauta take tafiya, ko ga ɗan'uwa ko ga abokin aiki. Makon jiya uwargida ta zauna ta lissafa mini abin da wannan sha'awa ta ci a bara, ban iya musu ba. Shi ya sa na ɗaura niyya: wuƙa 12 kafin Babbar Sallah, wadda ake sa ran za ta faɗo farkon Yuni. Shida na yanka, huɗu na fiɗa, biyu na ado. A sayar da su, a ga ko abin zai iya ciyar da kansa.

Dalilin zaɓen sifirin shi ne yawancinsa irin ƙarfen nan ne da masana'antu ke kira 5160, mai kabon kusan kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan kuromiyam. Yana ɗaukar kaifi, kuma ba ya saurin karyewa. Maƙeran Nepal da sifirin ɗin manyan motoci suke ƙera wuƙarsu mai lanƙwasa, kukuri, namu na gida ma da shi suke adda da gatari. Na ɗora gefensa a giranda kafin in biya, tartsatsin ya fito da rassa yana fashewa. Ƙarfen rodi ba ya haka, nasa dogo ne shiru.

Asabar, 18 ga Janairu

A gida abin da nake da shi guntun ƙarfen titin jirgi ne a matsayin uwar maƙera, da murhun da na gina da laka. Wannan ya isa wa magagari, amma sifirin mai kaurin milimita 8 ya fi ƙarfinsa. Don haka na koma wajen Baba, tsohon maƙerin da ke cikin gari, wanda tun ina yaro mahaifina ke kai masa gyaran fartanya. Muka shirya: gawayi nawa, kuɗin yaron da ke zuga nawa, shi kuma ya ba ni gefen wuta da masaɓa daga safe zuwa azahar.

Na fito da zanen da na yi a kwali, kowace wuƙa da tsawonta da faɗinta. Ya karɓa ya juya shi sama da ƙasa.

“Malam, wannan na tela ne ko na maƙeri?”

“Baba, don su fito iri ɗaya ne.”

“To hannun masu sayen iri ɗaya ne?”

Ban ba shi amsa ba, amma ban yar da kwalin ba.

Gawayin ƙirya ya sa na saya, ya ce kada in kawo masa na dafa shayi. Ƙirya tana riƙe wuta, ba ta zama toka da wuri, in an zuga kuma zafinta na kaiwa inda ake so. Muka miƙar da fallen farko, muka sare shi gunduwa-gunduwa da zafinsa. Gunduwa 14 muka fitar daga fallayen biyu, na bar biyu a matsayin rara. Duka kuwa na sha shi. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kowa ya san karin maganar, amma sai ka riƙe masaɓa kake gane cewa zafin nan numfashi kaɗan ne. Da ja ya fara komawa duhu Baba zai ce “mayar”, domin dukan irin wannan ƙarfe da sanyi tsaga shi yake yi ta ciki.

Ina komawa gida na bi ta gindin Dala. Masu binciken tarihi sun samu alamun narkar da tama a nan tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin baka ya ce wani maƙeri ne daga Gaya mai suna Kano ya zo neman tama ya zauna. Yanzu jikokin sana'ar tamar su tana bayan motar da ta mutu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Asara ta farko. Na goge baƙin da ke jikin gunduwoyin sai ga siririn layi kamar gashi a jikin uku daga ciki, duk waɗanda suka fito daga kusa da hujin tsakiya inda ƙusa ke riƙe sifirin. Shekarun da motar ta yi tana ɗaukar buhuna a hanyar ƙauye ne suka bar shi. Ba ya gyaruwa. Saura 11, tun ban kai ko'ina ba lissafin 12 ya rushe. Ukun na ajiye su don gwaji.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Kwana biyu ina fitar da siffa da gangaren kaifi. In akwai wuta, giranda. In an ɗauke, magagari, wanda ya fi jinkiri amma ba ya cin abin da ban ce ya ci ba. Na yanka ina yi musu tsawon santimita 25 ban da ƙota, baki a miƙe, domin yanka ja ɗaya ake so. Na fiɗa gajeru ne, santimita 12, da ciki mai lanƙwasa da tsini a ɗage don kada ya huda fata ko tumbi.

Bakin kowace na bar shi da kaurin milimita ɗaya. In ka siranta shi kafin ban ruwa, wato tsoma jan ƙarfe a mai ko ruwa don ya taurara, ko ya ƙone a wuta ko ya murɗe a mai. Na huda ramukan ƙusa a wutsiyar da ke shiga ƙota tun yanzu, domin bayan ƙarfe ya taurara babu bakin huji da zai shiga.

Wani ɓarɓashi ya daki tabarau ɗina har ya bar tabo. Da ido ne da yanzu ina asibiti.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ranar ban ruwa, kuma ranar da ni da Baba muka kusa ɓatawa.

Na je da galan na man gyaɗa da mayen ƙarfen da na ciro daga tsohuwar sifika. Abin da na koya shi ne: ƙarfe yana daina kama maye a wajen digiri 770 na ma'aunin Salshiyas, irin wannan kuma yana son ya ɗan wuce haka, wajen 830, kafin a tsoma shi. Ke nan in maye ya saki, ka ƙara masa ɗan ja kaɗan, sai mai. Kafin wannan sai an zafafa wuƙar an bar ta ta huce a iska sau uku, don ƙwayar ƙarfen da duka da wuta suka kumbura ta koma ƙanana. Man ma ana ɗan ɗumama shi tukuna, domin mai sanyi kauri gare shi, ba ya janye zafi da sauri.

Baba ya ga galan ya ce, “Ƙosai za mu soya?” Shi ruwa yake amfani da shi, shekara fiye da hamsin. Na ce masa ruwa yana fasa irin wannan ƙarfe. Ya ce bai taɓa fasa masa ba. Na ɗauko ɗaya daga cikin masu tsagar nan, na zafafa ta, na nutsa ta gaba ɗaya a ruwa. Muka ji ƙas. Da na ciro ta ta tsage a wurare biyu sababbi. Na dube shi, a raina ina cewa gani ya kori ji.

Bai ce komai ba. Ya ɗauki ta biyu, ya zafafa, ya tsoma bakin kawai, kamar faɗin yatsa, ya ɗaga, ya sake tsomawa, ya ɗaga. Ya goga bakin a dutse da sauri har ya yi fari, ya tsaya yana kallo. Zafin da ya rage a gadon bayan wuƙar ya rinƙa gangarowa, launi na bin sa, daga fari zuwa ruwan kara, zuwa ruwan ƙasa. Kafin ya kai shuɗi sai ya nutsa ta duka. Ba tsaga, ba murɗewa. Na ɗora magagari a bakin, ya ɗan kama kaɗan. A gadon baya kuwa ya ci sosai.

Sai a nan na gane abin da nake kallo. Aikin da ni nake raba shi biyu, taurarawa a mai sannan sassautawa a obin na tsawon awa biyu sau biyu, shi yana gama shi a zafi ɗaya, cikin minti guda, da ido. Baki mai tauri, baya mai laushi. Masu ƙira na ƙasashen waje suna da dogon suna ga wannan, suna kuma ƙara kuɗi a kansa.

Na ce, “Baba, koya mini.” Ya ce, “Ka fasa ɗari tukuna.” Ba ni da ɗari, ina da 11, don haka na tsaya a kan maina. Mun yi aikin a can cikin rumfa inda babu rana, domin a haske ja ba ya nuna gaskiyarsa, sai ka wuce zafi ba ka sani ba. Goma suka fito lafiya, magagari na zamewa a kansu kamar a kan gilashi. Ɗaya ta yanka ta lanƙwashe, na yi gaggawar miƙar da ita bayan ta huce, ta karye a hannuna gida biyu. Laifina ne, ba na ƙarfe ba. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne cikin karayar: toka-toka ne mai laushi kamar garin siminti, ba ƙyalƙyali irin na sukari ba. Ke nan zafin ya yi daidai.

Da dare na jera goman a obin ɗin uwargida a digiri 200. Gidan ya ɗauki warin ƙonannen mai, na sha magana. Saura biyar na yanka, uku na fiɗa, biyu na ado.

Lahadi, 2 ga Maris

Jiya aka ɗauki azumi. Wuta ta tsaya sai bayan Sallah, dama na gama da ita. Aikin ƙota ne yanzu, bayan asham, awa ɗaya ko biyu.

Na samu guntayen maɗaci a wajen wani kafinta, da ɗan reshen kanya busasshe, da ƙahon sa guda biyu daga kwata don na adon. Na so maɗobiya saboda launinta, amma ta yi wuyar samu tun da aka yi ta kwasarta zuwa Sin. Ƙusoshin da sandar tagulla ta masu walda na yi su, sannan gam mai haɗi biyu. Ƙaho in ana goge shi warinsa kamar ana babbakar kai, ba aikin da za a yi da azumi a baki ba ne.

Asabar, 15 ga Maris

Wannan makon ya sauya mini tunani fiye da duk wanda ya wuce.

Ranar Litinin na kai wa mahaucin unguwarmu wuƙar fiɗa guda, wadda na fi alfahari da ita. Tana aske gashin hannu, tana yanka takarda a tsaye, ƙotar na goge ta har tana sheƙi. Na ce ya yi aiki da ita kwana biyar ya gaya mini gaskiya. Yau na koma.

Ya ciro ta daga ƙarƙashin tebur, ba daga cikin waɗanda yake aiki da su ba. Tun nan jikina ya yi sanyi.

“Malam, wuƙarka tana da kyau, amma taurin kai gare ta.”

Ya nuna mini bakin, wurare biyu sun ɗan ɓalle inda ta haɗu da ƙashi. Ya ce ranar farko ta yi abin mamaki, ya feɗe awaki huɗu bai wasa ta ba. Da ta dakushe kuwa ya goga ta a dutsensa ya gaji, ta ƙi dawowa. Ya ɗauko tasa, wata baƙar wuƙa da washi ya cinye rabinta, ya ja ta sau uku a dutse, ya miƙo mini. Kaifi kamar aska. “Ni a rana sau talatin nake wasawa. In kowane washi zai ci mini minti biyar, yaushe zan sayar da nama?” Ƙotar ma ya ce in kitse ya taɓa ta zamewa take kamar sabulu, sau ɗaya ta kusa kai hannunsa kan kaifi.

Duk abin da na karanta a intanet yabon tauri yake yi, wuƙar da ke daɗewa ba a wasa ba ita ce gwana. Wannan ma'aunin mai farauta ne da ke feɗe barewa ɗaya a shekara, yana da duwatsun washi kala biyar a gida. Mahauci dutse ɗaya gare shi, a gefen tebur, kuma hannunsa jiƙe. Abin da Baba ke yi da ido, wanda magagari ke ɗan kamawa, shi ne daidai da wannan teburin. Sun shekara hamsin suna gyara wa juna aiki, shi da mahauta, ni kuma na shigo da kwali.

Na cire ƙotar ukun na fiɗa, abin da ya ci mini dare biyu da asarar itace, na mayar da su obin a digiri 230 har suka yi ruwan ƙasa mai duhu. Na yanka ban taɓa su ba tukuna, domin su wuya kawai za su taɓa, sau ɗaya ko biyu a shekara. Sababbin ƙotocin na tsaya a samfefa mai kaushi, na kuma yi ɗan tudu a gaba inda yatsa zai tokare.

Asabar, 22 ga Maris

Na mayar masa. Bayan kwana uku na wuce, na hango ta a kan tebur cikin jini tare da sauran. Ya ɗaga mini hannu kawai. Na bar masa ita, ladan gwaji.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Ƙaramar Sallah ranar Lahadin da ta wuce. Yau na kai wuƙaƙe tara wajen wani baduku a Ƙofar Wambai, har da awon ta goma da ke wajen mahauci. Na nemi fatar da aka jeme da bagaruwa, mai kauri, ta sa, a ciki, sannan a lulluɓe na adon da jar fatar akuya. Irin wannan fatar ce fatake suka rinƙa ƙetarawa da ita Sahara har Turawa suka sa mata sunan Maroko, alhali daga nan ƙasar Hausa take fitowa.

Abu ɗaya na nace a kai: a sa wani siririn yanki na fata tsakanin ɓangarorin biyu, ta gefen kaifi, don wuƙa ta rinƙa hawa kansa ba kan zare ba. Ya ce ai sun san wannan, sai dai masu saye ba sa biyan kuɗinsa. Kube goma ya ce 40,000, na taya 28,000, ya ce albarka, muka tsaya a 32,000. Kube ya zo ya fi ƙarfe, gawayi da mai tsada in an haɗa su, ko ya yi kunnen doki da su.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na zauna da biro. Ƙarfe 9,000. Gawayi da zuga 16,000. Faifan giranda da samfefa 21,000. Mai 7,000. Itace, ƙaho, gam da tagulla 12,000. Kube 32,000. Jimla 97,000, ke nan kowace wuƙa ta ci 9,700 kafin a sa ladan hannuna. Na sa wa na yanka 18,000, na fiɗa 12,000, na ado ban sa musu kuɗi ba.

Na ɗauki hoto a kan faranti tare da albasa da tsokar nama, na ɗora a WhatsApp da Instagram. Da gangan na yi haka. Dokar talla ta Facebook da Instagram ba ta karɓar makamai, wuƙar girki da ta aikin nama ce ke wucewa, kuma ni ma ba na son hoton ya yi kama da wani abu daban.

Masu yabo sun yi yawa. Mai saye babu. Wani ɗan ajinmu na sakandare ya rubuto, “Ta zinari ce?” Ya kuma turo mini hoton wata fara fes 'yar Sin da ya saya a bakin titi, kuɗinta bai kai na kubena ba. Gaskiyarsa, tana yanka. Ba ta tsatsa ma, tawa kuwa tana yi. Abin da zan iya ce masa kawai shi ne tasa in ta dakushe ta gama, tawa ɗansa zai gada. Ya ce ɗansa ya sayi tasa.

Asabar, 3 ga Mayu

Ciniki biyu sun faɗa, na yanka duka, a 15,000 kowace. Maƙwabcina da wani limami.

Ranar Laraba wani yaro da ban sani ba ya turo saƙo, ya ce an ba shi lambata. Yana son gajeriyar wuƙa mai kaifi biyu, siririya, da kuben da ake ɗaurawa a ciki ƙarƙashin riga. Bai taya ba, ya ce ko nawa ne. Na tambaye shi aikin da zai yi da ita, ya ce tsaron kai. Duk wanda ke zaune a Kano ya san abin da ake yi da irin wannan a lungu bayan magariba, ya san wani da aka karɓe wa waya ko aka yi wa abin da ya fi haka. Na ce ba na yi. Ya sake kira sau biyu, na toshe lambar.

Na ba Baba labari. Ya ce shi tuntuni doka gare shi, in yaro ya zo neman wuƙar da ba ta aiki ba, sai ya ce ya je ya zo da ubansa. “Ba wanda ya taɓa dawowa.”

Asabar, 10 ga Mayu

Wani Alhaji da ke aiki a Abuja ya ga hoton na adon a wajen ƙanina, ya zo gida hutun ƙarshen mako ya aiko a kira ni. Mai tara wuƙaƙe ne, irin mutanen da nake jin labarinsu a ƙasashen waje, ban san muna da su ba. Ya buɗe mini akwati. Akwai wuƙar damtse ta Buzaye da ya sayo a Agadas, mai zoben fata da ake zura hannu, ƙotarta kamar gicciye. Akwai takobi tsoho. Akwai Opinel 'yar Faransa, mai naɗewa, wadda ya ce ita ce mafi araha kuma ita yake yanka lemo da ita. Sannan wata mai zane kamar ruwa na gudu, wadda ake kira Damaskas.

A kan wannan muka daɗe. Ta asali, wadda ta yi suna a zamanin da, daga wani ƙarfe ake yin ta da ake narkawa a tukunya a Indiya, kuma yadda ake yin sa ya ɓace tun ƙarni na 19. Ta yanzu kuwa ƙarfe iri biyu ake jerawa, a haɗe su a wuta, a ninke, a sake ninkewa, sannan a tsoma a asid zanen ya fito. Wani maƙeri Ba'amurke, Bill Moran, shi ya dawo da ita kasuwa a 1973, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka a 1976. Jarrabawarsu sananniya ce: wuƙa ta yanke igiya a rataye da sara ɗaya, ta sare katako, ta aske gashi bayan haka, sannan a lanƙwasa ta digiri 90 ba ta karye ba. Na ce a raina mahaucinmu zai ƙara musu ta biyar.

Ya ɗauki nawa biyun. Ɗaya na goge ta tas kamar madubi, kwana huɗu ta ci. Ɗayar lokaci ya ƙure mini, na bar saman da baƙinsa da sawun masaɓa, kaifin kawai na goge. Ya ajiye madubin ko minti bai yi da ita ba. “Wannan ai kamar ta kamfani ce.” Mai sawun masaɓa ya riƙe yana shafawa, ya tambayi wane ƙarfe ne, wace maƙera, gawayin wane itace, ƙahon daga ina. Ya ce in rubuta masa duk wannan a takarda da kwanan wata, in sa hannu. Sai ya juya ta ya ce, “Ina alamarka?” Babu. Ya ce wuƙar da ba alamar maƙeri a wajen masu tarawa marainiya ce.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ka taya.” Ya ce 50,000. Ban san lokacin da na ce na sallama ba. Daga baya ƙanina ya ce na yi sauri.

Da na gaya wa Baba cewa an biya wannan kuɗi saboda sawun masaɓa, ya yi dariya har da tari. A wajensa barin sawu a jikin aiki abin kunya ne, alamar yaro bai ƙware ba. Ya ce in kawo Alhajin ya kwashe duk abin da almajiransa suka ɓata.

Asabar, 24 ga Mayu

Iska ta sauya, an fara ruwa. Na ciro waɗanda suka rage daga kube, biyu sun yi ɗigon tsatsa. Fata tana jan laima tana riƙewa. Na goge su, na shafa musu man gyaɗa, na naɗe a takarda daban, kuben daban. Duk wanda ya saya yanzu ina gaya masa abu uku: a wanke a goge nan take, a shafa mai, kada a ajiye ta cikin kube har shekara.

Na yi alama da guntun tsohon magagari, ɗan tauraro mai ƙafa uku, na gwada a ƙarfen banza. Ga waɗannan ya makara, sai a kan ja ake bugawa.

An sayi na fiɗa biyu a 10,000 kowace, wani mai tsire da abokinsa. Limamin da ya sayi ta yanka ya turo mini mutum biyu. Ya ce ya yi wa'azi a kan hadisin da ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbarsa, kuma kada a wasa a gaban dabbar, sai mutane suka tambaye shi inda ya samu tasa. Su ma 15,000. Ta biyar na cire ta daga kasuwa, da ita zan yanka nawa.

Alhamis, 5 ga Yuni, ranar Arfa

Jiya da yamma na fito da benci ƙofar gida ina wa tawa washin ƙarshe. Maƙwabci ya kawo nasa biyu ya ce in taimaka. Kafin magariba yara sun yi layi, kowa da wuƙaƙe a naɗe cikin tsumma ko jarida, har da adda da barho. Uwargida ta leƙo ta ce, “Kyauta za ka yi wannan ma?” Na ce 300 kowace. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Jiya da yau na wasa 40, awa biyar gaba ɗaya, naira 12,000. Yawancinsu irin 'yan Sin ɗin nan ne na bakin titi. Ta ɗan ajinmu ma tana ciki, shi da kansa ya kawo, kuma ta ɗauki kaifi, ba zan yi mata ƙarya ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

An yi Sallah ranar Juma'a. Tawa ta yanka ja ɗaya, ragon bai wahala ba, alhamdu lillahi.

Lissafi. Na yanka huɗu, 60,000. Na fiɗa biyu, 20,000. Ta ado ɗaya, 50,000. Jimla 130,000, a cire 97,000, saura 33,000. Awannin da na rubuta a littafi 110 ne, ke nan naira 300 a awa, daidai da kuɗin wasa wuƙa ɗaya da ke ɗaukar minti bakwai da rabi. In aka cire Alhajin Abuja, faɗuwa na yi. Mai kama da madubi tana nan a durowa ba mai tambaya.

Biyu sun dawo jiya. Ɗaya maƙwabcina ya bar wa yara suka sari ƙashin cinya da ita, bakin ya ɓalle kamar haƙori. Zan gyara, amma za ta ragu da milimita biyu, kuma daga yanzu na yanka ma 230 za su sha. Ɗayar an bar ta kwana cikin bahon wanke-wanke, maɗacin ya kumbura ya ɗaga daga ƙarfe. Wannan ma zan gyara, ban yanke ko zan karɓi kuɗi ba.

Da safe mahauci ya aiko yaronsa da ƙafar sa da saƙo. Yana son uku irin tasa, shi da 'yan'uwansa, amma ba kube, kuma a rage tsawon da faɗin yatsa. Ya taya 7,000 kowace. Ba tare da kube ba kowace za ta ci mini wajen 6,500. Na ce wa yaron ya ce masa 8,000, in ya yarda ranar Asabar zan je Ƙofar Ruwa, kuma wannan karon zan sare wajen hujin tsakiya in yar tun a can.